Rigar da Na Sa Baba Ya Tuɓe

A lokacin ni ɗan dako ne a tashar mota ta Birnin Kebbi, muna cikin Jihar Sakkwato. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa na yi aka rubuta. Aikina buhun shinkafa da na albasa, hutuna silima. Ba na jin Turanci, amma ina da ido. A kowane fim Bature ne a kan doki ko cikin mota, shi ke ba da umarni, shi ke kai wa ƙarshe da ransa. Baƙin mutum yana biye da kaya a ka, ba riga, in kada ya taso shi yake fara ci. Mu kuwa da muka wuni da kaya a ka, Baturen muke yi wa tafi. A hankali na yarda haka duniya take.

Babana masunci ne a Argungu, da zanen Kabawa a fuskarsa. Ya tsufa, ya daina shiga ruwa, ko ƙofar gida ba ya fita babu hula. Wata shekara ana gab da bikin kamun kifi, wasu Turawa biyu suka sauka a tasharmu da akwatunan ɗaukar fim. Ni na ɗauki kayansu, na bi su har Argungu. Tafintansu ya ce suna neman tsohon masunci na ainihi. Na ce ina da shi a gida.

Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Da na gaya masa, ya sa Inna ta ciro babbar rigarsa ta saƙi, wadda yake zuwa Idi da ita. Ya naɗa rawani, ya shafa turare. Inna ta ce masa hoto dai ba ya ɗaukar ƙamshi, kuma ko ranar aurensu bai yi wannan ado ba. Ya yi dariya, ya ce ta bar shi, yau jikokinsa za su samu abin da za su san shi da shi.

A bakin gulbi Turawan suka dube shi, suka yi magana tsakaninsu. Ga abin da na daɗe ina ɓoyewa: ba su ce ya tuɓe ba. Tafinta ma bai buɗe baki ba. Ni ne na ga fuskarsu ba ta saki ba, na ce a raina na san abin da suke so, ai na gani a silima. Na matsa na ce wa Baba ya cire riga da rawani, ya ɗaura warki, ya ɗauki homarsa ta kamun kifi. Ya tambaye ni ko su suka ce haka. Na ce su ne. Sannan ya tuɓe, a gaban surukansa da mutanen da shi ya koya musu ruwa. Ya ninke rigar ya ba ni in riƙe. Aka ɗauke shi a haka. Ɗaya Baturen ya dafa kafaɗata, na ji daɗi har cikin raina.

Baba bai yi mini faɗa ba. Rigar ce bai sake sawa ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ko fim ɗin ya iso Birnin Kebbi, ya ce in ya iso kada in bari Inna ta gani. Bayan damina biyu ya rasu.

Na ci gaba da zuwa silima, amma na daina kallon Bature. Bayansa nake dubawa, cikin masu kaya a ka, ko zan ga Baba. Ban gan shi ba. Yanzu na fi shi shekaru, kuma fuskarsa tana ɓace mini. Zanen ina tunawa, idanun sun tafi. Hotonsa guda ɗaya a duniya yana wata ƙasa da ban san sunanta ba, kuma babu riga.

Abin da na gane shi ne, ba sai an tilasta wa mutum ya ƙasƙantar da nasa ba. Kallo kawai ya isa, in ya daɗe yana yi yana tafi. Ku da kuke kallo yau, ku duba wa aka ɗora a doki, wa aka ɗora wa kaya, kada ku shigo da wannan tsari gidanku. Wanda ubansa ke raye ya kai shi a ɗauke shi hoto cikin rigar da shi ya zaɓa. Ta Baba tana akwatina, yadda ya ninke ta.