Ƙofar Iya Yelwa a Tsakiyar Littafi

Shekara talatin da biyu ke nan Baba Thaddeus yana ɗinkin littafi a Abuja, kuma duk tsawon lokacin nan tebur ɗaya ne gare shi. Na katakon maɗaci ne, ƙafarsa ɗaya gajeriya, an tokare ta da ninkakken kwali. Da shi ya zo daga Jos a bayan a-kori-kura, lokacin da ma'aikatun gwamnati ke tasowa daga Legas, kowace da tulin takardun da ke neman bango. A Jos ɗin ya koyi sana'ar yana saurayi, a wata maɗaba'ar mishan, inda ya ɗinka littattafan waƙoƙin coci har yatsunsa suka yi kanta. Mutumin Kagoro ne, ba shi da yawan magana, amma ka raina aikinsa ka ji bakinsa.

A Lugbe yake zaune da matarsa Magdalena, mai sayar da masa da shayi a bakin titi. Kullum da sassafe yakan bi cunkoson hanyar filin jirgi zuwa maɗaba'ar Oga Kingsley a Garki, inda teburin nan yake a jikin taga. Kundin digiri ya ɗinka ba adadi, da rahotannin kwamitoci waɗanda ko masu rubuta su ba su sake buɗe su ba. Amma abin da ransa ke so shi ne manyan littattafan nan masu hotunan gine-gine da zane-zane, irin waɗanda manyan Abuja ke ajiyewa a teburin falo don baƙo ya san an yi boko. Rabinsu ko ledar ba a cire ba. In an yi sa'a wani ya yage aka kawo masa gyara, sai ya wanke hannu tukuna, ya bi shi shafi-shafi yana kallon masallatai da majami'u da gadojin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Yakan ce littafin hoto ba na karatu kawai ba ne, na shiga ne, don haka dole ƙofarsa ta buɗe sosai.

Sai injin gam ya zo. Injin nan yana datse gindin takardu, ya shafa gam mai zafi, ya manna bango, kafin Baba Thaddeus ya zura zare a allura ya fitar da ashirin. Wata takwas bai samu ɗinki ko ɗaya ba sai gyaran tsofaffin Baibul. Ran nan Oga Kingsley ya zo ya dafa teburin, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwar Wuse.

"Baba, ba na kore ka ba o. Amma inji na biyu tana zuwa ƙarshen wata, kuma wurinta nan ne. Tebur zai fita. Kai ka taimaka da saka littafi a katan."

Baba Thaddeus ya ce, "To, Oga." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba yunwa yake tsoro ba, 'ya'yansa sun girma. Baƙin cikinsa shi ne a ce hannun da ya shekara arba'in yana aiki ya ƙare a ɗaure katan.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare aka kawo aikin Hajiya Rukayyat. Mai zanen gine-gine ce a wata ma'aikatar tarayya. Lokacin bautar ƙasarta an tura ta yankin Gwoza, ta yi shekara guda tana hawa duwatsu tana ɗaukar hoton gidajen dutse da rumbuna, tana auna su tana zanawa. Bayan tafiyarta rikici ya cinye ƙauyukan, mutanen suka watse, wasunsu suka yada zango a Kuchigoro, wata unguwa a gefen Abuja. Shi ne ta haɗa hotunan da zanen littafi guda, tana son kwafi ɗari uku, kuma ta yi wa mutanen alkawarin su za su fara gani.

Ranar da ta zo duba samfur, Oga Kingsley ya miƙa mata shi da hannu biyu yana washe baki. Ta yi ta buɗewa tana gyaɗa kai har ta kai shafi na arba'in, sai fuskarta ta canza. Hoton da ta fi so ke nan, gida guda cikakke da ya cinye shafi biyu. Ita kuwa, da yake masu zanen gini ba sa iya ganin abu ba su daidaita shi ba, ta sa ƙofar gidan a tsakiya cif. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa, don kwamfuta ba ta da ninki. A littafin kuwa gam ya haɗiye ƙofar gaba ɗaya: ga katanga hagu, ga katanga dama, babu mashiga. Ta danna littafin da tafin hannu don ya buɗe, gindinsa ya ce ƙas, falle biyu suka zame ƙasa.

"Oga Kingsley, mai gidan nan tana raye," in ji ta. "Ranar Asabar zan kai mata. In nuna mata gidanta ba ƙofa?"

Oga Kingsley ya fara ba da shawarar a rage hoton ya koma shafi ɗaya. Ta ɗauki jakarta. Nan Baba Thaddeus ya taso daga bakin taga, ya tsinci fallayen daga ƙasa ya kakkaɓe su.

"Hajiya, ba laifin hoto ba ne. Littafin gam ba ya buɗe baki, haka halittarsa take. A sake jera shafukan, hoton nan ya faɗo kan takarda ɗaya, a tsakiyar ninki. In na ɗinka shi zai kwanta kamar tabarma."

"Baba, zaren fa? Ai ta kan ƙofar zai bi."

"Zai bi. Ki bar min wannan."

Oga Kingsley bai so ba, amma kwastoma na bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ya ce guda ɗaya tak, kuma kada a ce shi ya sa.

Kwana huɗu Baba Thaddeus ya yi a kan littafin. Ya tsaya a kan mai buga takardar har aka sake jera shafukan yadda yake so. Ya ninka fallayen kashi-kashi, yana goge kowane ninki da ƙashin saniyar da ya zo da shi tun daga Jos, ya huda su da basilla, ya ɗinka kashi a jikin kashi. Saura zare. Farin zare a kan baƙar ƙofa zai yi kama da tsaga, don haka ya je rumfar Magdalena da safe ya tsoma ƙullin zare a ruwan ganyen shayi mai kauri. Sau uku yana tsomawa yana shanyawa yana gwadawa da hoton.

"Shekara talatin ban taɓa ganin ka rina mini ko ɗankwali ba," in ji Magdalena, "yau ga ka kana rini saboda ƙofar wata."

"Ƙara ganye," ya ce.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Rukayyat ta biyo ta Lugbe ta ɗauke shi, ta ce wanda ya ɗinka shi ya kamata ya miƙa. A Kuchigoro suka tarar da mata zaune a inuwar wata rumfar buhu suna ɗinkin hula, sana'ar da yawancinsu suka kama tun da suka baro gida. A cikinsu akwai Iya Yelwa, mai gidan da ke shafi na arba'in, tsohuwa siririya da tabarau ɗaure da tsumma. Aka gaisa, aka tambayi lafiyar iyali. Baba Thaddeus ya durƙusa ya aza littafin a kan tabarma, ya buɗe tsakiya, ya janye hannunsa.

Littafin ya kwanta lif, ko motsi bai yi ba. Ga gidan nan daga rumbun hagu zuwa turken awaki na dama, ga ƙofar a tsakiya cikakkiya, har da sakatarta.

Iya Yelwa ta daɗe tana kallo. Ta ajiye hular da ke hannunta, ta sa yatsa a kan ƙofar.

"Mijina ya sassaƙa ta shekarar da na haifi na fari," ta ce. "Ga inda akuya ta ci. Ban rufe ta ba ranar da muka gudu, abin nan yana damuna har yau. Ashe ga ta a rufe."

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. Matan suka matso, kowace na nuna dutsen da ta sani, ana kiran sunayen masu gidaje, ana kuka ana dariya. Can yatsan Iya Yelwa ya ji wani abu da idonta bai gani ba. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta bi zaren da farce daga sama har ƙasa, yadda take duba hular da za ta kai kasuwa.

"Wa ya yi ɗinkin nan?"

Hajiya Rukayyat ta nuna shi. Iya Yelwa ta dube shi, ta dubi yatsunsa.

"Malam, hannun nan ya iya. Babu ɗinkin da ya fi wani tsayi, kuma ba ka ja ya tattare ba. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Baba Thaddeus ya ce amin. An sha yaba masa a rayuwa, har wani babban sakatare ya taɓa ba shi takardar yabo, amma bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, don wadda ta san allura ce ta faɗa.

Ranar Litinin Hajiya Rukayyat ta riga kowa zuwa maɗaba'a. Ta ce duka ɗari ukun ɗinkin hannu take so, in ba haka ba a ba ta aikinta. Abokan aikinta biyu da suka ga littafin su ma suna tafe da nasu. Ana cikin haka motar da ta ɗauko injin na biyu ta tsaya a waje. Oga Kingsley ya dubi injin, ya dubi teburin, ya sosa ƙeya, sannan ya ce a kwashe katan-katan ɗin da ke sito a sa injin a can. Ya dawo ya tsaya a bakin taga, yana lallaɓa murya.

"Baba, ɗari uku fa. Za ka iya kuwa?"

Baba Thaddeus ya sunkuya ya gyara kwalin da ke ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya girgiza teburin ya ji ya zauna daram. Ya ɗauki allura, ya lashi bakin zare.

"Oga," ya ce, "ɗan matsa, ka tare min haske."