Liyatu da Injin Juya Jini

A shekarar 1971 Liyatu ta samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwajin wani asibiti a Jimeta. Ba abin da take tsoro kamar injin juya jini, domin an ce ya taɓa fasa kwalba ya watsa wa wani a ido.

Ranar da aka kwantar da 'yarta Hilda, idanunta fari fat, Liyatu ta kasa jiran Malam Hamajoɗa, mai koyar da ɗalibai. Ta saka kwalbar jinin yarinyar a injin ita kaɗai, ta kunna. Injin ya hau ruri yana tsalle a kan tebur.

Malam ya shigo da gudu ya kashe, ya dubi Liyatu. "Adda, sai an sa kwalbar ruwa a ɗaya gefen, nauyi ya daidaita."

Suka sake juyawa. Jan da ya kwanta a ƙasa ɗan kaɗan ne, saura duk ruwa.

"Za ta rayu?" in ji Liyatu.

"In an ƙara mata jini yau."

Liyatu ta miƙa hannunta a ɗebi nata. Hilda ta tashi bayan mako biyu, daga baya Liyatu ta shekara ashirin tana koya wa ɗalibai aikin injin.