Man da Yaya Rabi'u Ya Tatso Daga Leda

Shekara takwas ke nan da muka binne yayana, Malam Rabi'u, a Tudun Kaya. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Rogo. Wata shekara saniyar mahaifinmu ta daina cin abinci, ta rame, da aka yanka ta sai aka zaro dunƙulen leda daga tumbinta, ya kusa cika bokiti. Tun daga ranar Yaya ya fara tara ledar ruwa da fasassun robobi a bayan gida. Ya sa mai walda ya haɗa masa durom mai murfin da iska ba ta shiga, da bututun da ya ratsa ta cikin randar ruwan sanyi. Yakan cusa leda da ɓawon gyaɗa, ya barbaɗa garin wata farar ƙasa da yake gasawa, wadda ya ce ita ke sa ledar ta saki da wuri, man ya fito da kyau. Sai ya hura wutar kara a ƙasa. Tururi ya bi bututu, ya huce, ya riƙa ɗiga cikin galan.

An yi masa dariya, har maƙwabta suka kai ƙararsa wajen mai unguwa saboda wari. Ya sha faɗuwa kuma, don sau tari abin daskarewa yake yi kamar kitse. Amma ina tsaye a gonarmu ta albasa a bakin dam ranar da ya tace man ya zuba a injin ban-ruwa. Injin ya yi tari, ya fesar da hayaƙi, ya kama. Ruwa ya cika fangali. Mahaifinmu ya cire hula ya riƙe a hannu.

Da labari ya bazu, wasu manya suka zo daga birni cikin motoci, suka ɗauki hotuna. Shugabansu ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Malam, wannan ai ya fi ƙarfin ƙauye. Ka ba mu aron sa mu kai baje koli, mako mai zuwa yana dawowa."

Bai dawo ba. Yaya ya yi ta zaryar Kano, kullum a ce oga ya fita taro. Yana shirin haɗa wani durom ɗin, sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan rasuwarsa na je ofishin manyan nan da kaina. Na sami durom ɗin a bayan gini, an cire bututun, an yar da murfin, suna ƙona shara a ciki. Har da leda.

To yau fa? Me Yaya zai ce da ya ga manoman rani a Karaye sun jingine injinansu saboda fetur ya gagare su? Me zai ce da ya bi ta kasuwar Rogo da damina, leda ta toshe kwalbati, ruwa ya shiga rumfuna? Kwanan baya na ji a rediyo ana jinjina wa wasu a ƙasar waje da ke mayar da roba mai, har ana shirin tura tawaga ta je ta gano. Na kashe rediyon. Irin mutanen da ba su iya tsare durom ɗaya ba, su ne za su hau jirgi su je kallo.

Ba ina cewa yayana ya gama aikin ba ne. Man nasa na toshe inji, shi ma ya sani. Lokaci yake nema da wanda zai zauna ya saurare shi. An hana shi duka biyu.

Abin da ya rage mana shi ne taurin kansa, kuma yana jikin 'yarsa Nafisa, wadda ke karatun kimiyya a jami'a. Da hutun nan ta zo ta haɗa nata ɗan ƙarami da tsohuwar tukunyar gas. Gwajin farko baƙin kwalta ya fito, gefen hijabinta ya ƙone. Na ce, "Ke Nafisa, ki hutar da kanki mana."

Ta dube ni ta ce, "Baffa, wuta ce ta yi yawa. Gobe ka zo da wuri, kai za ka riƙe min galan."

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa. Na je, kuma na riƙe.