Tafin Buba a Bangon Zaure

Wata Asabar ce a bazarar shekarar da na shiga aji uku na firamare, ranar yaɓen gidan kakanmu a Wuro Hausa. Zafin Yola a ranar, ko ƙadangare sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya tsallaka tsakar gida. Mu yara muna cikin kwaɓin ƙasa har gwiwa, muna tattake ta da ciyawa da kashin shanu, Goggo Dudu, ƙanwar kakanmu, tana bakin rijiya da tsumagiya tana cewa, "Ku taka da kyau, ba rawa na kira ku ba!"

Gidan nan fa ba gida ba ne, gari ne. Kakanmu ya gina shi da ribar gishirin da jiragen ruwa ke saukewa a Jimeta: benen ƙasa, azara mai kaurin cinyar giwa, zaure bayan zaure. In ka yi sallama da hantsi, sai la'asar amsar ke iso ka. A sorayensa muke wasan ɓuya, har an taɓa manta wani ɗan baƙo a ciki, ina kyautata zaton da gemu ya fito.

Al'adar gidan ita ce, in an gama yaɓe kowane yaro ya danna tafinsa a ɗanyen bangon zauren ciki, baɗi sabon yaɓe ya rufe. Ƙanena Buba ya kafe sai nasa ya fi na kowa bisa, dole na ɗora shi a wuya. "Hamma, nawa ya fi naka kyau," in ji shi, don a gidanmu Hamma ake ce wa yaya. Kafin damina ta yi nisa ƙyanda ta ɗauke shi. Goggo ta hana a sake taɓa gurbin. Duk shekara magina su yaɓe ko'ina su kewaye shi, har tafin ya koma kamar yana cikin 'yar taga. Buba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Tafin nan kaɗai ya bari.

Manya suka ƙare, magada suka fi tururuwa yawa, bango ya tsattsage, bara aka sayar da gidan ga wani mai son gina shaguna. An ce mini sai bayan Sallah za a rushe. Tun kafin Sallar na ɗauko magini da zarto a keke mai ƙafa uku daga Jimeta, da niyyar mu yanko gurbin tafin in kai gidana. Muna shan kwana na hango sararin sama a inda bene yake.

Na tambayi direban katafila ina bangon zauren ciki. Ya sauke tsumman da ya rufe hanci ya ce, "Oga, wane bango? Duka ƙasa ne ai. Ka matsa, ƙura zai ɓata maka riga."

Na matsa. Ni da ko a zaman makoki sai an harare ni saboda ban dariya, ranar na laluba ban samu ko ɗaya ba. Kukan ma bai zo ba. Na yi ta juya ɓaraguzai da ƙafa, kowane dunƙule kamar ɗan'uwansa, har maginin ya ce rana ta yi.

Yanzu shagunan waya ne a wurin, bango sumul da fenti, an rubuta kada a jingina. Nakan tsaya in sayi kati daidai inda nake zaton zauren yake, in ɗaga kai kaɗan, tsayin yaro a wuyan wansa. Har yau ban tabbata ko daidai inda bangon yake nake kallo ba.