Malam Isufu da Tsofaffin Diski

Ranar Talata da hantsi ina share bakin shago, sai ga Ɗanladi masunci, maƙwabcin Malam Isufu, ya tsaya bisa kekensa bai ko sauka ba. Ya ce, "Rabe, sai haƙuri. Malam bai fito asuba ba, da gari ya waye muka leƙa, muka iske wa'adi ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na jingine tsintsiya, na mai da ƙyauren da ban gama buɗewa ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Shekara goma sha huɗu muna shago ɗaya da shi a nan Madarumfa. Ni ina buga wa mutane takardu, shi yana gyaran kwamfuta a kusurwar da ke kusa da taga. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Matarsa ta rasu da jimawa, bai sake aure ba. Ɗiyarsa Hadiza tana aure a Yamai, ɗansa Sani yana tuƙi tsakanin Maraɗi da Katsina, don haka shi kaɗai yake kwana, shi kaɗai yake tashi. Ba mai yawan magana ba ne. Mukan wuni ba mu haɗa zance goma ba, amma ban taɓa jin shagon ya yi shiru ba sai yanzu.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tada tsohon diski, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfuta. Na da can suna da faffaɗan baki mai ƙananan allurai jere, kwamfutocin yanzu kuwa ba su da inda za a soka su, sai an sa adafta a tsakani. Malam yana da akwatin katako cike da su, kowace da ƴar takarda ɗaure a wuya. Tafinta yake kiran su. Yakan ce, "In tsoho ya yi shiru gaban yaro, kada ka ce kurma ne. Fara bincikar tafintan."

Ba zan manta da Malam Habu, wani manomi daga Safo, ba. Ya zo wata Litinin da diski naɗe cikin ƙyalle. Gara ta cinye takardar gonar da ya gada, ga wani ɗan uwansa ya taso yana cewa rabinta tasa ce, kuma an sa musu ranar Alhamis gaban hakimi. An taɓa ɗaukar hoton takardar a wani shagon buga takardu da ya daɗe da rufewa, mai shagon ya ba shi diskin ya ce shi gwada sa'arsa. A Maraɗi an duba an ce masa ya mutu.

Malam Isufu ya karɓa da hannu biyu, ya haɗa. Kwamfuta ba ta nuna komai ba. Ya kara kunnensa a jikin diskin ya jima, sannan ya ce, "Ba ya ko juyawa. Yunwa shike ji. Irin waɗanga manya, ɗan kuran da ke bin waya ba ya isar su." Ya jawo masa kuran, wato wutar lantarki, tasa daban, sai muka ji ya fara gurnani a hankali. Duk da haka bai bayyana ba. Ya canja waya, ya canja kafa, ya matsar da wata ƴar hular roba da ke bayan diskin zuwa wasu alluran. Shiru. Ya fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya gano allura ɗaya ta lanƙwashe. A lokacin hannunsa ya fara rawa saboda shekaru. Ya miƙo mini hantsaki ya ce, "Ka miƙe ta kamar kana cire wa jariri ƙaya. In ta karye, an gama."

Da muka sake haɗawa, sai kwamfuta ta fito da saƙo tana neman a yarda ta gyara diskin kafin a buɗe shi. Ni da murna na kai hannu zan amsa. Ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Gyaranta sharewa ce, Rabe. Ka taɓa wanga, ka share gonar mutane." Sau ɗaya ke nan da ya taɓa ɗaga mini murya, kuma washegari shi ya fara ba ni haƙuri.

Malam Habu ya tambaya, "Malam, in koma gida in fidda rai?"

Ya ce, "Ka koma gida, amma ka bar ran nan. Ka dawo Laraba."

Ranar Laraba, bayan ya gwada adafta huɗu, wata tsohuwa mai tsagaggen gefe ta karɓa. Takardar ta fito. Malam Habu bai iya karatun boko ba, amma ya kai yatsa kan wani baƙin tabo a ƙasan shafin ya ce, "Wanga hannun babana ne." Ya zauna ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Gonar tana hannunsa har yau, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Malam Isufu.

Malam mutum ne mai amana. Da zarar diski ya buɗe, sai ya juya fuskar kwamfutar wajen mai shi, ya kau da kai. Yakan ce, "Diski ɗakin mutum ne. Kai dai buɗe ƙofa, ka tsaya waje."

Akwai guda ɗaya da ya gagare shi. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan ciro shi daga aljihun tebur, ya haɗa, ya saurari ƙas-ƙas ɗin da yake yi, ya mayar. Sai da muka shekara tara tare na yi ƙarfin halin tambaya. Ya ce hotunan marigayiya ne a ciki, da muryarta ranar sunan jikansu na fari. Na ce ko mu aika a sayo sabuwar adafta. Ya yi murmushi. "Wanga ba laifin tafinta ba ne, na daɗe da sani. Hannu ne ba ya son zama bai gwada ba."

Bayan addu'ar bakwai Sani ya ce in riƙe kayan aikin, tunda babu mai bukatarsu a gidan. Makon jiya wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ta kawo diskin mahaifinta. Kwana uku ke nan ina fama da shi, na bi duk abin da na ga Malam yana yi, bai buɗe ba. Ban ce mata ya mutu ba, domin ban sani ba ko shi ne ya mutu ko ni ne ban iya ba. Wanda zan tambaya kuwa duk garin nan babu.

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo gare ka. Ka jiƙan sa, ka yafe masa kurakuransa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na bayinka. Ka yalwata kabarinsa, ka ɗebe masa kewa a cikinsa, ka sada shi da matarsa a Aljanna. Ka bai wa Hadiza da Sani da jikokinsa haƙuri, ka zama gatansu. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.