Kujerar Baba Mai Ɗinkin Littattafai

Ku yi mini afuwa. Ni karatu na iya, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, wannan ma sau huɗu ina yagawa. Amma jiya aka yi taron bankwana da Baba mai ɗinkin littattafai na laburarenmu da ya yi ritaya, kuma tun jiyan na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya yana fitowa daga bayan gari, inda haya ke da dama-dama. Mota biyu yake hawa, ya ƙarasa da ƙafa. Kafin a buɗe ƙofa ya dama gam, ya zura zare a allura, ya jera littattafan da muka ɓalle wa bango. Firamare kaɗai ya gama. Duk mai digirin da aka kawo, Baba ne ke nuna masa inda komai yake, ƙarshen wata mutumin ya ɗauki ninki huɗu na albashin Baba. Hatta kuɗin tsadar gari, gwargwadon albashin mutum ake ƙara masa. Baba yakan yi dariya, wai shi bai taɓa ganin mai shago ya nemi takardar makaranta kafin ya faɗi kuɗin sabulu ba.

Baba, kai ne ka ƙi komawa reshen ƙauye, inda albashin nan zai ishe ka har da saura. Ka ce littattafan can wata guda ka gama ɗinke su, na nan kuma wa zai duba?

Abin da ya tsaya masa a rai kujerarsa ce. An kafa sanarwa, wai sai mai difloma zai gaje ta. Alhali shekara shida yana koya wa Yaya mai shara ɗinki in ta gama goge-goge. 'Ya'yanta uku, an ƙara mata haya, har ta fara ɗaure kaya za ta bar garin.

Jiya ana cikin jawabai aka ce ya yi magana. Sai ya ajiye littattafai biyu gaban shugaban laburaren.

"Ranka ya daɗe, ɗaya ɗinkina ne, ɗaya na Yaya. Ware mini nawa."

Shugaba ya juya su, ya ja bango, ya cire tabarau ya leƙa zaren. Ya ɗaga ɗaya, ya ce wannan hannun gwani ne, ba tantama.

"To, nata ne," in ji Baba.

Yaya tana bakin ƙofa da tiren lemo. Shugaba ya daɗe yana shafa haɓa, sannan ya ce a cire sanarwar, ta zauna wata uku a gani. Maganar albashi dai ba wanda ya tayar, kuma ita ce ke cina har yanzu.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku kuma da kuka iya wani abu, ku koya wa na kusa da ku, ku tsaya masa ranar da ake rabon kujera.

Baba, na so in faɗa maka wannan baki da baki. Da na ga an kewaye ka, sai na rungume jakata na sulale ta ƙofar baya.