Gonakin da Na Rubuta Daji

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho ya ɗora hannunsa a jikin gawo ya hana mu shafa masa fenti ba. Ku da ke aikin gandun daji yanzu, kuna fita bincike da mota da taswira mai launi, bari in ba ku labarin, ko ya yi wa wani amfani.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin su tafi. Ni malamin daji ne a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, an turo ni garin Isa. Malamin daji shi ke riƙe takardu, shi ke rubuta rahoto, shi ke yin tafinta idan Bature ya zo. Sama da ni akwai Wakilin Daji, dattijo mai zafin rai, ƙasa da ni kuma akwai masu gadin daji. Ni kuwa ɗan birni ne, haifaffen Sakkwato, mahaifina maɗinki. Na san hatsi a tuwo, ban san shi a gona ba. Amma na yi makaranta, ina jin Turanci, ina da alƙalami a aljihun gaba, kuma a ganina a lokacin wannan ya isa.

Da rani aka kawo mana wani Bature mai bincike daga wata jami'a ta ƙasarsu. Aikin da gwamnati ta ba shi shi ne ya duba wani tafki da kurmin da ke kewaye da shi, tsakanin Sabon Birni da Burkusuma, ya rubuta ko ya dace a killace wurin. Ana tunanin a hana farauta, a gina bariki, baƙi masu sha'awar kallon tsuntsaye da namun daji su riƙa zuwa, a kuma tsara dokar shiga da fita, har ga masu tsallakowa daga ƙasar da Faransa ke mulka a bayan iyaka. Kullum tabaran hangen nesa na rataye a wuyansa, don haka mutane suka sa masa suna Baturen Tsuntsu. Mutum ne mai haƙuri. Yana iya tsugunawa a bakin ruwa tun hantsi har azahar saboda gauraka biyu, ni ina tsaye bayansa ina jin haushin zufa.

Ga yadda ake yin gandu a lokacin. Da farko a yi bincike. Sai a shafa jan fenti a itatuwan da ke kan iyakar da ake so. Bayan haka a karanta sanarwa a ƙofar hakimi, a ba da wa'adi, duk mai haƙƙi a wurin ya zo ya faɗa. Wa'adi na cika sai a kafa turakun siminti. Daga ranar, duk wanda ya sa gatari ko fartanya a ciki ya yi laifi, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Bature ya riƙe ɓangaren tsuntsaye da hanyar da baƙi za su bi, ni ya ba ni ɓangaren haƙƙin mutane. Na hau doki na je wata tunga, ɗan ƙauyen manoma da ke kusa da tafkin, aka shimfiɗa mini tabarma a gaban maigari, na buɗe littafi. Na karanta tambayar yadda take a takarda: akwai mai noma gabas da tafki? Maigari ya dubi littafin, ya dubi alƙalamin, ya ce, “Malam, yanzu dai ba kowa.” Bai yi ƙarya ba. Kuma mutumin karkara na wancan lokaci, in ya ga baƙo da littafi yana tambayar gona, ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka tambaye shi.

Na zaga wurin a kan doki don in gani da idona. Sabara na gani da kalgo, da busasshiyar ciyawa, da gawo nan da can. Ban ko sauka ba. Na rubuta cewa daji ne, babu gona, babu mai haƙƙi. Na sa hannu da irin lanƙwasar da nake taƙama da ita, takarda ta tafi wurin Wakilin Daji, daga can ta wuce ofishin Di'o, Baturen mulkin yankin.

Ranar shafa fenti muka fita da safe mu biyar: Bature, ni, masu gadi biyu, da Baba Nomau. Shi Baba Nomau tsohon manomi ne na tungar, shi ya yi mako uku yana kai Bature wuraren da tsuntsaye ke sauka. Ba shi da yawan magana, ni kuma ban taɓa zama na yi hira da shi ba, don a lissafina ɗan jagora ne kawai. Mun shafa wa itatuwan kurmi fenti bai ce komai ba. Da muka fito fili gabas da tafki, na nuna wani babban gawo na ce a shafa. Mai gadi ya ɗaga buroshi, sai tsohon ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen.

“Malam,” ya ce, “in an shafa ma wanga icce ja, mi za ya biyo baya?”

Na ce, “Iyaka ta, Baba. Daga nan har tafki gandu za ya zama. Ba sara, ba noma.”

Tsohon ya ce, “To ni ina za ni shibka bana? Wanga gawo ubana yab bar shi. Nan gonarmu ta.”

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, “Baba, wace gona? Ga sabara ta kai mini ƙirji.”

“Sauka bisa doki in gwada maka,” in ji shi.

Na sauka. Ya ja ni taku kaɗan, ya ture ciyawa da sandarsa, ya nuna mini tushen gamba. Ya nuna wani a gabansa, da wani a gaban wancan. Da na daidaita idona sai na ga sun jeru a layi ɗaya har inda gani ya ƙare. Ya ce gamba ba ta jeruwa haka da kanta, mutum ke dasa ta a kan iyaka. Ya sunkuya ya buɗe gindin wata sabara, sai ga tsohon kututture mai sawun gatari, duk rassan nan daga jikinsa suka tofo. Ya nuna itatuwan gawon, ya ce in duba yadda suke nesa da juna, kowanne an sassaƙe masa rassan ƙasa. Manomi ke barin gawo, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi.

“Saura ta, Malam,” ya ce. “Ƙasa ta gaji munka bar ta ta huta. Shekara huɗu ke nan. Ta gamba zuwa can ta Arzika ta, ta bayanta ta ɗiyan marigayi Bawa. Waɗanda muka nomawa yanzu su ma sun gaji, nan za mu dawo.”

Na ce, “To don mi ba ku hwaɗi ba?”

“Wa yat tambaye mu? Kai ka tambayi mai noma yanzu. Shi ko Bature tsuntsaye yaka tambaya.”

Sai na gane. Gonakin tunga guda na shafe da layi ɗaya na alƙalami. Kuma na san abin da zai faru in an yi shiru. Za a karanta sanarwa a Sabon Birni ranar da ba wanda ya je daga tungar, ko kuma su je su ji an ce malamin En'e ya riga ya sa hannu, su sunkuyar da kai su dawo. A kafa turaku. Damina ta zo su rasa inda za su zuba iri.

Bature yana gefe yana kallonmu. Ya ce da ni da Turanci, “Me tsohon ke cewa?”

Ku da ba ku yi tafinta ba ba ku san nauyin wannan tambaya ba. Bature ba ya jin Hausa, Baba Nomau ba ya jin Turanci, masu gadi kuma yarana ne. Da na ce tsoho yana roƙon a bar masa itacen ne don inuwa, da magana ta mutu a nan, sunana ya tsira. Ba zan ɓoye muku ba, tunanin ya zo mini. Amma hannun tsohon yana nan a jikin gawo bai sauke ba, yana dubana yana jiran in isar masa. Na ce rahoton da na rubuta kuskure ne, nan gonaki ne da aka bari su huta, kuma ban gane su ba.

Na jira faɗa. Sai ya sa a rufe gwangwanin fenti, ya ciro littafinsa, ya ce Baba Nomau ya nuna masa layin gamba tun daga farko. Kwana biyu muka yi muna bin iyakoki da ƙafa, tsoho na faɗin sunan mai kowace gona, ni ina rubutawa, ƙaya na yagar mini wando. A rana ta biyu Bature ya tambaya ina gauraka ke kiwo bayan kaka. Baba Nomau ya ce a gonaki mana, suna tsintar abin da ya zube. Bature ya daɗe yana duba tsofaffin shafukan littafinsa. Daga baya ya ce da ni yawancin wuraren da ya ga tsuntsayen suna cin abinci, a cikin gonakin da ake nomawa ne da bakinsu, shi kuma bai lura ba sai yanzu.

Da muka koma Isa na tsaya gaban Wakilin Daji, na cire takalmi, na faɗi abin da na yi. Bai rage mini komai ba. “Kai ɗan makaranta,” ya ce, “an ba ka doki don ka isa wuri, ba don ka zamna bisa kana rubuta ƙarya ba! Yanzu da wane baki za ni ce ma Di'o a maido takarda?” Ina tsaye ina jiran a ce in ajiye alƙalami. Sai Bature ya nemi izinin magana, kuma ni ɗin dai na yi masa tafinta. Ya ce tambayar da ke takarda shi ya tsara ta, kuma ya tsara ta ba daidai ba. Ya ce shi ya zaɓi ya zo da rani, lokacin da gona ba ta nuna kanta. Ya ce shi zai rubuta wa Di'o da hannunsa, ya kuma sa a ciki cewa malamin da ya yi kuskuren shi ya fallasa shi. Har yau in na tuna mutumin nan sai in yi masa fatan alheri, don ba dole ba ne ya ɗauki rabin laifina.

Wakilin Daji ya yi tsaki, ya ce to ba zai kore ni ba, amma a tungar zan yi damina, in ga yadda ake noma da idona. A lokacin hukunci na ɗauke shi. Yanzu na san bai taɓa yi mini alherin da ya kai wannan ba.

An janye iyaka. Gandu ya tsaya a tafki da kurmi, gonaki suka fita, aka kuma bar wa makiyaya mashaya a gefen arewa. Bariki ɗaki biyu aka gina, baƙin ma ba su taɓa yawa ba. Ni kuwa a gidan Baba Nomau na sauka. Na ga an sassabe sabarar nan, na ga shuka, na riƙe hauya har tafin hannuna ya yi kanta, matan gida suna leƙe suna dariyar malamin En'e. Wata rana gab da kaka ya ce in raka shi. Muka tsaya gindin gawon nan, ganyensa duk ya zube, gero ya fi ni tsawo ta kowane gefe. Ya kamo zangarniya ɗaya ya lanƙwaso ta saitin fuskata.

“Malam,” ya ce, “diba, dajinka ya yi kai.”

Idona ya cika da hawaye. Shi kuwa dariya yake yi har yana tari.

Abin da na ɗauka daga wurin shi ne, kafin mu zo da fenti da dokar killacewa, akwai waɗanda suka daɗe suna kiyaye ƙasar, su ne suka bar gawon da muke yabo, a gonakinsu tsuntsayen da muke ƙirgawa ke ci. Ba za su biyo ka ofis su gaya maka ba, kai za ka je ka tambaya, kuma ka tambaya daidai. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, jikokinsa ke noma gonar. Ni kuma har na ajiye aiki ban sake rubuta daji a takarda ba sai na sauka daga doki, na ture ciyawa na nemi gamba, na kuma nemi tsohon da zai gaya mini ta wane ne.